Watanni 36 da na kasa tabbatarwa

Na bar gidan mahaifina a birnin Lesta ina da shekara 18. Babu faɗa tsakaninmu, gidan ne ya yi mana kaɗan, kuma na samu aiki a Manchesta. Tun daga ranar ban sake karɓar ko sisi daga hannunsa ba: ni ke biyan kuɗin ɗaki, ni ke ciyar da kaina, har nakan aika wa kakata ɗan abin sallah a Kano. Saboda haka da na kai shekara 22 na samu gurbin karatu a jami'a, ban yi ko shakka ba cewa hukumar ba da rancen ɗalibai ta Ingila, Student Finance England, za ta ɗauke ni a matsayin mai cin gashin kansa. Ba ta ɗauke ni haka ba, kuma laifin nawa ne. Ina rubuta wannan ne domin ƙannena da suka taso a ƙasar nan, waɗanda suka fara aiki tun da ƙuruciya suna da niyyar komawa karatu daga baya.

Rancen iri biyu ne. Na kuɗin makaranta ba ruwansa da samun iyaye, kai tsaye ake biyan jami'a. Na biyun, wato na haya da abinci da sufuri, shi ne ake aunawa da abin da ke shigowa gida. A zangon karatu na 2025 zuwa 2026, ɗalibin da ke zaune ba a gidan iyayensa ba, a wajen Landan, yana iya samun har fam 10,544 idan samun gidansu bai wuce fam 25,000 a shekara ba. Daga nan adadin yake raguwa har ya sauka zuwa fam 4,915. Giɓin da ke tsakani, ana sa ran iyaye ne za su cike shi, ko sun cike ko ba su cike ba. Wanda aka amince yana cin gashin kansa kuwa, ba a duba aljihun iyayensa ko kaɗan.

Ƙofofin samun wannan matsayi sanannu ne. Akwai wanda ya cika shekara 25, da wanda ya taɓa yin aure, da mai ɗa ko 'ya ƙasa da shekara 18 a hannunsa, da wanda iyayensa duka biyu suka rasu, da wanda ya tashi a hannun hukuma, da wanda alaƙa ta yanke tsakaninsa da iyayensa. Sai kuma ƙofar da na yi tsammanin tawa ce: wanda ya riƙe kansa na tsawon shekara uku, wato watanni 36, kafin ranar fara karatu. Ba dole ba ne watannin su zo a jere, amma dole kowane wata ya zo da shaidarsa.

A nan na faɗi. Shekara huɗu na yi ina aiki, watanni 48 cur, amma 19 na farko a shagon wani ɗan garinmu na yi su, yana biyana a hannu kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Har yanzu ina iya ganin ambulan ɗin, ruwan ƙasa, da sunana a rubuce da biro a bayansa. A lokacin daɗi nake ji cewa ba a cire mini haraji, kuma ina ganin mutumin ya rufa mini asiri. Kuɗin ba su taɓa shiga banki ba. Ɗakin da nake kwana ma a gidan wani aboki ne, babu yarjejeniyar haya, hannu da hannu nake ba shi. Da aka nemi shaida, na baje takarduna a kan gado na ƙirga: takardun albashi na ma'ajiyar kaya inda na koma aiki daga baya, da takardun P60 da ake bayarwa bayan ƙarshen shekarar haraji, duka watanni 29 suka nuna. Saura bakwai. Na je wurin mai shagon na roƙe shi wasiƙa ko da layi uku ce, ya ba ni haƙuri ya ce ba zai iya ba, domin bai taɓa sanar da hukumar haraji cewa ina masa aiki ba. Na fito daga shagon na fahimci cewa watanni 19 na gumi, a idon doka, ba su taɓa faruwa ba.

Ƙanena, idan kana aiki yanzu, ka tabbata an yi maka rajista da lambarka ta inshorar ƙasa, albashi ya shiga asusunka na banki, kuma ka adana kowace takardar albashi, da P60, da P45 da ake bayarwa idan ka bar aiki. Lokacin da ka yi kana karɓar tallafin marasa aiki shi ma ana lissafa shi, don haka kada ka zubar da wasiƙunsa saboda jin nauyi. Idan wasu takardu sun ɓata, hukumar haraji tana iya ba ka tarihin aikinka na shekarun baya, muddin an yi aikin a kan ƙa'ida. Sannan ba wai kawai a ga kana aiki ake so ba, ana duba ko abin da ka samu ya isa ya riƙe mutum da gaske. Aikin ƙarshen mako alhali kana ci kana kwana a gidan iyaye kyauta da wuya ya gamsar da su.

Kuskurena na biyu gaggawa ce, kuma ya fi na farko ciwo, domin a hannuna maganin yake. Da na roƙi jami'a ta ɗaga mini gurbin zuwa shekara mai zuwa, na ci gaba da aikina, da watannina sun kai 41, da na wuce iyaka da rara. Amma na riga na gaya wa kowa cewa zan fara karatu, abokaina na sakandare sun gama nasu, kuma ina jin kamar duniya ta tafi ta bar ni. Abin da ban sani ba shi ne, da zarar ka fara kwas ɗin, an rufe ƙirgar. Duk aikin da ka yi bayan nan, ko da dare da rana kake yi, ba zai shiga cikin watanni 36 ɗin ba. Shekaru ma ba su cece ni ba: ina da 22 a shekarar farko, 23 a ta biyu, 24 a ta uku. Kuma a lura, ga kwas ɗin da ke farawa da kaka, ranar 1 ga Satumba ce ake ɗauka a matsayin farkon shekarar karatu, ko da sai a Oktoba za a shiga aji. Wanda zai cika 25 ranar 5 ga Satumba, a wannan shekarar har yanzu ɗan gida ne.

Na uku kunya ce. Tun da an mayar da ni ƙarƙashin samun gidanmu, sai an ga bayanan kuɗin Baba, har da na matarsa, domin samun matar uba ko mijin uwa da ke zaune a gidan yana shiga lissafi. A tarbiyyarmu ɗa ba ya tambayar ubansa nawa yake samu, balle ya tambayi matar ubansa. Sai na yi shiru. Idan kuwa iyaye ba su ba da bayani ba, mafi ƙarancin rancen ake bayarwa, wanda bai kai rabin cikakken ba. Na yi shekarar farko ina aikin dare sau huɗu a mako, ina gyangyaɗi a aji, har na faɗi darasi ɗaya na sake shi da rani. Da na je gida hutu, Baba ya dube ni ya ce na rame, sai na faɗa masa komai. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Don me ba ka faɗa mini tun bara ba? Ni baƙo ne a wurinka?" A daren muka zauna gaban kwamfuta, shi da matarsa, Umma, suka cike nasu ɓangaren, kowa da asusunsa a shafin hukumar, ba tare da na ga adadin ba. Ashe tsarin da kansa ya tanadi hanyar da ba sai na san sirrinsu ba. Abin da aka ƙara mini bai kai cikakke ba, domin ba a la'akari da kuɗin da Baba ke aikawa gida ga 'yan uwa, amma ya isa na rage aikin dare zuwa sau biyu.

A tsakiyar wannan ƙunci wani ya ba ni shawarar in ce mun yanke alaƙa da iyayena. Na gode wa Allah da ban bi ba, kuma ina roƙonku kada ku bi. Wannan ƙofa an buɗe ta ne domin waɗanda da gaske ba su da gidan komawa, waɗanda galibi sun kai shekara guda ba su yi magana da iyayensu ba, kuma ana neman wani mai matsayi da ya san lamarin, kamar malami ko likita ko jami'in jin daɗin jama'a, ya tabbatar a rubuce. Wanda ya yi ƙarya ya ci haƙƙinsu, ya jawo wa kansa tuhumar zamba, kuma ya sa hannu a takarda cewa ya yanke zumuncin da yake raye. Amma idan halinka ke nan da gaske, kada surutun mutane ya hana ka nema. Ka je ofishin kula da ɗalibai na jami'arka tun da wuri, sun saba da irin wannan.

Game da aure, a kula da abu biyu. Ɗaurin auren da aka yi a masallaci a Ingila ba tare da rajistar hukuma ba, doka ba ta ɗauke shi aure ba, don haka ba zai buɗe wannan ƙofa ba. Idan kuma auren na da rajista, an bar samun iyaye, amma an koma duba samun miji ko mata. Batun kuɗin ruwa da ke kan rancen shi ma ba ƙarami ba ne ga Musulmi. Tun 2013 gwamnatin David Cameron ta yi alkawarin samar da wani tsari marar riba, kuma ya kamata kowa ya bincika inda maganar ta kwana, ya tambayi malaminsa kafin ya sa hannu.

Autanmu ya fara aiki bara, yana son karanta aikin jinya idan ya tara abin da zai tara. Ranar da ya karɓi albashin farko na kai masa jakar takardu mai aljihu goma sha biyu, muka rubuta sunayen watanni a kansu. A watan Mayu P60 ɗinsa na farko ya iso, ya ɗauki hotonsa ya turo mini. A ƙirgarmu ta makon jiya yana da watanni 14, saura 22.