Kwata Kafin Fenti

Taswira ba ta gardama. Duk inda ka ja mata layi za ta bi. Ka ce nan titi ne, nan wurin shaƙatawa, ba za ta ce uffan ba. Aikin farfaɗo da tsofaffin unguwanni ne ya koya mini cewa wurin da takarda ta nuna fili ne babu kowa, sau da yawa nan mata ke shanya, nan yara ke buga ƙwallo, nan kuma ruwan sama ke bi idan ya rasa hanya. Sai ka taka da ƙafarka bayan an ɗauke ruwa, ka ga alamar laima a jikin bango har gwiwa, sannan ka san inda ciwon yake.

Masu ba da kuɗi sun fi son abin da zai fito a hoto: fitilu, fenti, ƙofar shiga mai ado. Mazauna kuwa, in ka zauna da su, kwata da ruwan sha ne maganarsu ta farko. Shi ya sa nake yawan tuna wa abokan aiki da unguwar Orangi, a birnin Karachi na Pakistan. A 1980 Akhtar Hameed Khan, masanin raya al'umma, ya fara aiki a can, kuma bai rushe gidan kowa ba. Layi-layi aka bi. Mutanen kowane layi su zaɓi shugabansu, su tara kuɗi, su shimfiɗa bututun ƙazanta da kansu, ƙwararru su ba da awo da shawara, babban bututu kuma ya rage wa hukuma. Wanda ya haƙa rami da guminsa ba zai zuba ido wani ya toshe shi da shara ba. Jakarta ta Indonesiya ma tun 1969 ta bi irin wannan hanya, ta gyara lunguna da magudanai, gidaje na nan a inda suke.

Sai batun kulawa bayan an yanke zare an watse. A St. Louis ta Amurka an gina rukunin gidajen haya na gwamnati mai suna Pruitt-Igoe a shekarun 1950, benaye 33 masu hawa 11. Da kuɗin haya aka dogara wajen gyare-gyare. Da mazauna suka ragu, kuɗin ya ragu, gini ya lalace, a 1972 aka fara rushewa. Yanzu duk tsarin da aka kawo mini, shafin da ke faɗin wa zai yashe kwata da wa zai biya nake fara nema.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan haya. A taron jin ra'ayi masu gida ne ke zama a gaba, su ke karɓar lasifika. Ɗan haya yana wurin nema a lokacin, ko ya tsaya a bakin ƙofa don kada mai gidansa ya ji abin da zai faɗa. Alhali ranar da titi ya samu kwalta, haya za ta tashi, kuma shi ne zai fara ɗaure kaya. Wasu na kiran wannan ci gaba. Ni dai ban ga unguwar da aka raya ba idan mutanenta sun koma bayan gari.

Don haka kafin a sanar da kowane aiki, muna bi gida-gida mu ƙirga 'yan haya, mu yi musu taronsu daban da yamma, sannan mu sa batun haya a cikin yarjejeniyar da masu gida za su sa wa hannu.