Ga masu tambayata batun karen gidanmu

Assalamu alaikum mutanen Maradi, 'yan uwa da abokan arziki, na Zariya da na Ali Ɗan Sofo har da na Tibiri. Muna lahiya, uwargida da ɗiya suna gaishe ku. Na so in ba ku labarin tsadar hayar gida da yadda azumi yake a nan Faransa, amma tun da hoton sunan autanmu ya zaga WhatsApp tambaya guda ce ke shigo mini dare da rana, wai karen wane ne wancan kwance bakin ƙofa, wasu da mamaki wasu da faɗa, wata gwaggota har saƙon murya ta aiko tana salati. To namu ne, sunanshi Duna, kuma bari in amsa ma kowa a wuri guda.

Ba saye muka yi ba. Na wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu a ɗan garin da muke kusa da Liyon, lokacin da ƙarfinta ya ƙare za a kai ta gidan kula da tsofaffi ba a yarda ta tahi da shi ba, ta zo ta same mu tana hawaye, ta ce ta ga yadda yake bin babbar ɗiyarmu in ta dawo daga lakwal. Lokacin uwargida na da cikin na biyu. Ni na yi ta ja da baya don na san inda na hito, ita ce ta ce mini Malam, matar nan ita ta riƙe mana yarinya ranar da aka kwantar da ni likita, yau ta kawo mana amana mu ce a'a? Shi ke nan maganar ta ƙare.

Abin da ban sani ba, a ƙasar nan karɓar kare sai ka ce za ka yi takardun zama. Kowane kare dole a yi mishi shaida, ana sa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa ƙarƙashin fatar wuyanshi ta hagu, tana ɗauke da lamba 15, likitan dabbobi ya ɗora abin karantawa sai lambar ta hito, a duba a kwamfuta a ga sunanka da adireshinka da lambar wayarka cikin rajistar ƙasa da suke ce ma I-CAD. Sai da aka canza sunan tsohuwar aka sa nawa, sai da likita ya duba shi ya ba da takardar lahiya, ga kuma littahin allurai da za ka riƙa zuwa da shi ana buga hatimi. Mu ma mun yi sa'a mun riga mun karɓe shi, don tun watan Oktoba na 2022 sun ƙaro wata takarda da mutum zai sa hannu cewa ya san abin da kare ke buƙata na ci da magani da kuɗɗi, kuma sai ya jira kwana 7 bayan sa hannun kahin a miƙa mishi dabbar, don kada ya ɗauka da zumuɗi gobe ya yar. Daga farkon 2024 ma an hana sayar da karnuka da kyanwoyi a shagunan dabbobi. Wanda ya kai karenshi daji ya sake shi ya gudu kuwa, doka ta ce ɗauri har shekara 3 da tara ta Yuro 45,000, ku lissafa, ya kusa sefa miliyan 30. Kashinshi ma in ya yi a titi kai za ka duƙa ka kwashe da leda, in ba haka ba tara na iya kai Yuro 135, sama da jika 88 kenan. Wallahi da farko abin ya ba ni haushi ƙwarai, ina cewa ni da nake fama da layin sabunta takarduna ga na kare an ƙara mini.

Ga sanyi kuma. Watan Disamba rana ba ta hitowa sai bayan ƙarhe 8, kai kuma dole ka hita da shi bayan asuba cikin duhu, ciyawa ta daskare tana ƙara ƙarƙashin takalmi, yatsu ba ka jin su, hanci na zuba, shi ko yana ta murna yana jan igiya. Da dare haka za ka sake, ko ruwa ake ko ƙanƙara. Sanyin Janairu na Maradi da muke hura wuta a ƙofar gida muna kuka da shi, ina kewarshi yanzu.

Amma ku ji abin da ya sa ban taɓa nadama ba. Ranar da aka dawo da na biyun daga likita Duna ya zo ya tsaya nesa kaɗan yana shinshina iska, daga ranar ya maida wurin kwanciyarshi bakin ƙofar da ta hi kusa da ɗakin yaron, in ya yi kuka uwargida na madafa shi ne zai je ya tsaya gabanta ya koma ya dawo har sai ta bi shi. Da yaron ya fara tahiya da gashin bayanshi ya riƙa dafawa. Akwai lokacin da nake aikin dare a masana'anta, matata ita kaɗai da yara a garin da ba mu da dangi ko guda, ta ce mini jin numfashinshi a bakin ƙofa shi ke sa ta iya barci. Kuma duk lokacin da muka kai shi gaida tsohuwar, tun daga bakin titi yake gane wurin, ya ɗora kai bisa gwiwarta ya yi shiru, amma da mun miƙe sai ya bi yara. Yanzu ga na uku ya zo, Duna ya fara tsufa, bakinshi ya yi furfura, ƙafar baya na damunshi in sanyi ya yi yawa, babbar ɗiyata ita ke tuna mini lokacin maganinshi.

Gwaggo, na ji maganarki ta addini kuma ban raina ta ba. Ba ya shiga ɗakin kwana ko inda muke salla, wurinshi na gareji da tsakar gida da zaure, kwanonshi daban. Na tambayi malamai, kuma mu mabiya Imamu Malik ne, a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne. Hadisi ya halatta na kiwo da na gona da na farauta, malamai da yawa sun haɗa da na tsaron gida. Kuma duk Juma'a muna karanta Kahfi, muna wucewa ta ayar karen nan da ya shimfiɗa hannuwanshi a bakin kogo tare da mutanenshi, ga hadisin mutumin da aka gafarta ma don ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminshi.

Mu ma ai ba baƙin kare ba ne. Mafarauta da makiyayan wajen Dakoro sun san darajarshi, kuma dogon karen nan siriri na Azawak da Buzaye ke kiwo, a nan Turai masu kuɗɗi ke nemanshi. Abin da ke ci mini rai shi ne na cikin gari, wanda ke kwana yana tsare awakinmu, da sahe kuma yara su bi shi da jifa, ba abinci sai abin da ya tsinta a bola, allura ko ba a maganarta. A nan ne takardun da suka ba ni haushi suka fara yi mini ma'ana. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Alhali tun 1885 wani masanin kimiyya na Faransa mai suna Pasteur ya yi ma wani yaro ɗan shekara 9 allurar ya rayu, Faransa kuwa tun 2001 aka tabbatar ta rabu da cutar a dabbobinta masu tahiya a ƙasa. Masana sun ce in aka yi ma kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura cutar na yankewa. Don Allah mai kare ya kai shi ma'aikatar kiwo ya tambayi allurar nan. In kuma kare ya ciji yaro, ko yaƙushi ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, a wuce likita ranar, kada a tsaya shafa magani a gida ana jiran a gani, don da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tashi.

Masu cewa in zo da shi hutu, ba zai yiwu ba. Sai an yi mishi fasfo nashi, da allurar haukan kare, da gwajin jini kahin mu tashi, in ba haka ba a dawowa sai ya jira wata 3 kahin a bar shi ya shigo, ga tahiyar mota daga Yamai zuwa Maradi sama da kilomita 600 cikin zahi da tsohon kare mai ciwon ƙafa. Wani maƙwabci ya yarda zai riƙe shi, yara kuma tun yanzu sun fara rigima a kai.

Haya dai tana cinye kusan rabin albashi, sauran bayani sai wasiƙa ta gaba, da na azumin. A gaida su Inna da Baba, a ce ma Yaya ya duba mini kwanan da ake allurar karnuka a Maradi bana ya aiko mini, na gidanmu da na maƙwabta biyu ni zan biya.