Rabin abin da ya rage

Lahadi, 26 ga Janairu, 2025. Sha ɗaya saura na dare. Kowa ya shige ɗaki, ni kaɗai ne a falo da kofunan shayin da ba a kwashe ba.

An cinye ƙungiyarmu ta Washinton a ƙwallon Amurka, 55 da 23. Kun ga yadda na yi ta murna makon jiya da muka je har Ditroit muka doke su a gidansu, to yau Filadelfiya ta sauke mu. Amma ba kashin da muka sha ne ya hana ni barci ba. Eagles ɗin Filadelfiya sun fi mu ƙarfi, kuma wanda ya bari ƙwallo ta kuɓuce masa sau huɗu a wasa irin wannan ba shi da bakin magana. Wata magana ce Abba ya faɗa mini, tun Magariba take cina.

Da safe lafiya lau. Na kai Ummi Islamiyya, ta ba da haddarta ba gyara ko ɗaya. Maman Abba ta yi waina da miyan taushe, ta samo kabewa mai kyau a shagon nan na bayan tasha. Alhajin Kumasi ya iso tun biyu da rabi da cicingarsa a takarda, har yau ba ya yarda a ce mata tsire. Abba ya sa rigarsa mai lamba 5 tun da asuba, a cikinta ya yi sallah. Shekara 33 rabon Washinton da zuwa wannan mataki na kusa da na ƙarshe, tun Janairun 1992, lokacin ina ɗan firamare a Zariya, ban ma san akwai wata ƙwallo da ake runguma a gudu da ita ba. Muka yi La'asar a kan lokaci, muka zauna.

Mu muka fara cin maki uku. Taɓawar farko da Saquon Barkley na Eagles ya yi wa ƙwallo, yadi 60 ya zura da ita har gida. Alhaji ya ce "To fa." Daga nan muka yi ta bin su a baya, muna matsowa suna ƙara nisa.

Mun idar da Magariba ba da jimawa ba abin ya faru. Zango na huɗu ya fara, suna da 34 muna da 23, ga su a bakin layinmu, abin da ya rage bai wuce yadi ɗaya ba. Duk wanda ke kallon Eagles ya san abin da zai biyo baya: turereniyar nan tasu. Jalen Hurts ya duƙa a bayan mai miƙo ƙwallo, ƙarti su jeru a bayansa su ingiza shi kamar motar da ta ƙi tashi. Da wuya a tare ta. Sai ɗan wasanmu Frankie Luvu ya taho da gudu ya yi tsalle ta saman mutane tun ba a miƙa ƙwallo ba, ya faɗo a kansu. Aka jefa ƙyallen rawaya, alamar an yi laifi. Aka sake jeruwa, ya sake tashi sama, aka sake jefa ƙyalle. Na uku Jonathan Allen ne ya shiga kafin lokaci. A nan alƙalin wasa, Shawn Hochuli, ya kunna lasifikarsa ya sanar wa duniya cewa an gargaɗi Washinton: in aka ci gaba da haka, yana da ikon ya ba Eagles makin kawai, ba tare da sun tsallake layi ba.

Ni kunya ce ta kama ni. Ƙungiyata ce ake yi wa faɗa a gaban mutane kamar yaran makarantar allo. Na ce wannan wane irin rashin natsuwa ne, mutum ya yi laifi iri ɗaya sau biyu a jere?

Abba bai ɗauke ido daga talabijin ba. Ya ce, "Baba, ai ba rashin natsuwa ba ne, lissafi ne. Tarar wannan yadi biyar ce, amma a nan babu yadi biyar ɗin da za a ba su. Doka ta ce sai dai a matso da ƙwallo rabin abin da ya rage. Rabin yadi, sai rabinsa, sai rabin rabin. In ya dace da lokacin miƙawa, ya tare su. In bai dace ba, me aka rasa? Taƙi ɗaya."

Na ce amma dai laifi ne.

Ya ce, "Ba laifi ba ne, Baba, farashi ne. Doka ta faɗi kuɗin abu. In ya yi maka araha sai ka saya."

Bai faɗa da raini ba, Allah ya sani. Da fara'a ya faɗa, irin ta yaron da ya samu abin da ya fi ubansa sani kuma yake so ya koya masa. Hurts ya shiga a bugu na gaba, wasa ya mutu, sai Abba ya juyo gaba ɗaya ya shiga kawo mana tarihi, idonsa na ƙyalli.

Ya fara da maƙwabtanmu na Baltimo. Nuwamban 2016, Ravens na gaban Bengals 19 da 12, saura daƙiƙa 11, kuma dole su doka ƙwallo su mayar wa abokan hamayya. Kocin Ravens, John Harbaugh, ya umarci yaransa kowa ya cafke na gabansa ya riƙe, riƙon da doka ta hana. Ƙyallaye suka yi ta zuba a fili, shi kuwa Sam Koch, mai doka musu ƙwallo, yana rungume da ita yana ja da baya a hankali har agogo ya cika, sannan ya taka waje ya ba Bengals maki biyu kyauta. Aka tashi 19 da 14. Dalili: in masu kai hari ne suka yi laifi a bugun ƙarshe, ba a ƙara wani bugu. Laifin ya zama ba shi da hukunci sam. Shekara na zagayowa NFL, hukumar da ke gudanar da gasar, ta sa doka, duk wanda ya tara laifuka da gangan a bugu ɗaya don ya cinye lokaci, tarar yadi 15 ce kuma a mayar da agogo inda yake.

Na biyun na san shi, don na kalla da idona. Oktoban 2019 Bill Belichick, kocin Patriots, yana gaban Jets 33 da nema, ya gano cewa in ba a shiga mintuna biyar na ƙarshe ba, agogo na ci gaba da tafiya bayan an yanke tara. Sai ya sa aka ƙi miƙa ƙwallo har lokaci ya wuce, aka kuma sa wani ya motsa kafin lokaci, duk da gangan, agogo na ta zuba. Kyamara ta kama shi yana murmushi. Bayan wasa shi da bakinsa ya ce kafa ce a doka kuma ya kamata a toshe ta. Ba a kai ga toshewa ba, ranar 4 ga Janairu, 2020, tsohon ɗan wasansa Mike Vrabel ya zo masa har gida da Titans, yana gaba 14 da 13, ya yi masa irinta sak, ya cinye minti ɗaya da daƙiƙa 46. Belichick ya yi ta zage-zage a bakin fili. Wanzami ba ya son jarfa. Titans suka ci 20 da 13, kuma wasan Tom Brady na ƙarshe ke nan a rigar Patriots. A watan Mayun shekarar aka toshe kafar. Abba ya ce, "Kuma Baba ka ga, Vrabel ɗin nan shi Patriots suka ɗauka koci makonni biyu da suka wuce. Da laifi ne za su ɗauke shi?"

Gaskiya a daren can na 2020 na yi tafi. Na tuna sarai, har Maman Abba ta leƙo ta ce zan tashi Ummi. Abba yana ɗan shekara goma sha ɗaya, yana gefena.

Duk wannan Alhaji bai ce uffan ba, yana ta juya tsinke a hannu. Can ya ajiye. Ya ce, "Ɗana, ka san Suarez?"

Abba ya ce ya san shi, ai yanzu yana Mayami tare da Messi.

Alhaji ya ce ranar 2 ga Yuli, 2010 yana Kumasi, unguwarsu gaba ɗaya a gaban talabijin ɗaya, Gana na karawa da Yurugwai a gasar Kofin Duniya. Ɗaya da ɗaya, Sulley Muntari ya ci, Forlan ya rama. Minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, Dominic Adiyiah ya sa kai, ƙwallo ta wuce gola za ta raga, Suarez ya sa hannu biyu ya tare a kan layi. Aka ba shi jan kati, aka ba Gana fenareti, Asamoah Gyan ya doki ƙarfen sama. Yurugwai ta wuce da 4 da 2 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Da ƙwallon ta shiga, da Gana ce ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Shekara goma sha biyu bayan nan, a Katar, aka tambayi Suarez ko zai nemi gafara, ya ce a'a, ai an ba shi jan kati, kuma ba shi ya ɓarar da fenaretin ba.

"To ya biya farashi, ko ba haka ba?" in ji Alhaji. "Ya biya. Amma wa ya biya? Alƙali ya biya. Mu da ya ɗauke wa ƙwallonmu, har yau ko sisi bai iso hannunmu ba."

Muryarsa rawa take, dattijo mai jikoki, a kan wasan da aka yi shekara goma sha huɗu da rabi. Abba ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Alhaji." Na san wannan "haka ne" ɗin. Ta ladabi ce, ba ta gamsuwa ba.

Ina so in yi wa Luvu adalci. Ban ce niyyarsa ya karya doka ba, so yake ya dace da daƙiƙar miƙawa, Hurts kuma yana ta jan murya yana yaudararsu. Sai dai ya san kuskuren ba zai ci masa komai ba, shi ya ba shi ƙarfin maimaitawa. Kuma na fahimci masu cewa aikin koci ne ya san littafin doka fiye da wanda ya rubuta shi, in akwai ɓaraka laifin marubucin ne. Har ma su ce irin su Harbaugh ne ke sa a gyara doka. Na ji. Abin da ya tsaya mini shi ne, su kansu masu dokar sun san ba za su iya rubuta komai ba, shi ya sa suka ajiye wancan sashe da Hochuli ya ɗaga yau, wanda ya ba alƙali dama in ya ga zalunci ƙarara ya mayar wa mai haƙƙi abin da aka hana shi. Ba tara ba, ainihin abin. Da ƙwallon ƙafa na da irinsa, da Alhaji bai yi rawar murya a falona ba.

Bayan Isha'i na raka Alhaji mota. Sanyi kamar zai tsaga kunne.

Na dawo na tarar da Maman Abba tana wanke kaskon waina. Na ce kin ji abin da yaron nan ya faɗa? Wai farashi. A ina yake kwaso irin wannan tunani, wurin kocinsu na makaranta ko a waya?

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Baban Abba, ranar da ka tafi da shi aiki lokacin hutun Disamba, da ya dawo ya ba ni labari. Ya ce ka tsaya a inda bas ke tsayawa, ya nuna maka allon, ka ce masa ko an rubuta maka tara ba ta kai abin da za ka rasa ba in ka makara da kayan."

Na yi shiru, don haka aka yi. Kalma a kalma.

Abin da Abba bai gaya mata ba, ko bai lura ba, na fito daga ginin na tarar bas ta tsaya a tsakiyar titi saboda motata. Wata tsohuwa mai sandar nan mai ƙafa huɗu tana saukowa, babu dakalin da za ta taka, direba ya fito ya riƙe ta ta zagaya bayan motata cikin ruwan sanyi da ya kwanta a gefen hanya. Ta kalle ni, ba ta ce komai ba. Ranar ko tarar ma ba a rubuta mini ba. Na shiga mota na ce wa Abba mun tsira. Tun ranar ban sake tuna matar nan ba sai yau, a tsaye a bakin kicin.

Malaminmu na zaure a Zariya, Allah ya jiƙansa, in ya zo babin zakka yakan kawo mutumin da ke ba matarsa kyautar shanunsa ana saura kwanaki shekara ta cika, in ta wuce ta mayar masa. Yakan ce a wurin Malikiyya wannan bai kuɓuta ba, zakka na nan a wuyansa, domin dabarar don gudu aka yi ta. Sai ya karanto ayar mutanen Asabar da kifinsu. Ban haɗa ƙwallo da addini ba, wasa wasa ne, kuma Luvu bai ci dukiyar miskini ba. Amma kalmar da Abba ya yi amfani da ita ba a fili kaɗai za ta tsaya ba. Shekara biyu suka rage ya bar gidan nan ya tafi jami'a, inda babu mai ganinsa, da wannan lissafi a kansa, kuma yanzu na san a bakin wa ya fara jin sa.

Wasan dare Abba kaɗai ya kalla. Chiefs 32, Bills 29. Chiefs ne za su haɗu da Eagles a wasan ƙarshe ranar 9 ga Fabrairu. Ummi ta yi barci a kan kujera da allonta a hannu, na ɗauke ta.

Ɗazu na je ƙofar ɗakin Abba, akwai haske ta ƙasa. Na tsaya ina tsara yadda zan fara, ko da Luvu, ko da Suarez, ko da tsohuwar kai tsaye. Ya ji motsina ya ce, "Baba, sai da safe." Na ce Allah ya tashe mu lafiya, na dawo nan.

Azumi saura wata ɗaya da 'yan kwanaki. Gobe tashin huɗu da rabi, kuma Maman Abba ta ce in biya in sayo gero.