Na je Faransa koyon aikin zuciya, na tarar da korona

Duk lokacin da na zo hutu Maradi, na zauna a fadarmu ta unguwar Zariya bayan isha'i, kafin a sauke shayi na biyu sai wani ya jefo tambayar da na saba ji: "Likita, wai da gaske korona ta kashe mutane a can, ko dai zancen Turawa ne?" Ban taɓa iya amsawa a taƙaice ba, domin ta ƙofar wannan annoba na shiga ƙasar da nake zaune a cikinta yau.

Na sauka yankin Alzas, a gabashin Faransa, cikin watan Nuwamba na 2019, bayan karatun likita a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ƴan shekarun aiki a jihar Maradi. Abin da ya tura ni shi ne yaran da nake gani suna haki da kumburin ƙafa, waɗanda ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba ya lalata musu ƙyamaren zuciya, wato ƴan ƙofofin da ke hana jini komawa baya, alhali da an ba su penisilin tun farko da ba a kai nan ba. Da yake takardar digirina ba ta Tarayyar Turai ba ce, a sahun masu koyo aka ajiye ni. Aikina shi ne in ciro jijiya daga ƙafar majinyaci domin a yi wa jinin zuciyarsa sabuwar hanya, in riƙe ƙugiya, in ɗinke fata bayan manya sun fita. A waje kuwa ga sanyi, ga duhu tun ƙarfe biyar na yamma, ga maƙwabtan da gaisuwarsu ba ta wuce kalma ɗaya.

Wata huɗu ke nan ina wannan zama lokacin da korona ta ɓarke a Mulus, wani birni na yankin Alzas, bayan wani babban taron coci da aka yi a watan Fabrairu. Ranar 16 ga Maris 2020 Shugaba Makron ya ce ƙasar tana cikin yaƙi, washegari da tsakar rana aka shiga kulle, asibitoci kuma suka ɗage duk aikin da zai iya jira. Matsalar ita ce zuciya ba ta cika jira ba. Wanda babbar jijiyar ƙirjinsa ta tsage, ko ƙwayar cuta ta cinye masa ƙyauren zuciya, dole a buɗe shi a ranar. Sauran kuwa, musamman tsofaffin da ƙyaurensu ya ƙuntace, sai a zauna da takardunsu ɗaya bayan ɗaya ana auna wanda zai kai wata biyu da wanda ba zai kai ba, domin duk wanda aka yi wa aikin zuciya yana bukatar gado da na'urar numfashi a sashen masu tsananin ciwo da ake kira reya, gadajen kuma masu korona sun cika su.

Ɗakunan farfaɗowa suka koma reya, mu ma aka rarraba mu. An kafa ƙungiyoyin juya majinyata, saboda wanda huhunsa ya cika ya fi samun iska idan aka kifa shi rub da ciki na kimanin awa 16, kuma juya mutumin da ke cikin barcin magani, da bututu a maƙogwaro, aikin mutum biyar ne ko shida. Da idona na ga farfesan da nake jin nauyin haɗa ido da shi yana riƙe da ƙafafun majinyaci, yana jiran umarnin wata ƴar ƙaramar ma'aikaciyar jinya. Inda hannunmu ya fi amfani shi ne na'urar ekmo, ƙanwar wadda muke ɗora majinyaci a kanta idan mun tsayar da zuciya: ana zura bututu mai kauri ta jijiyar matsematsi, jini ya fita ya sha iska a cikin na'ura, ya dawo ta jijiyar wuya, huhu ya samu hutu. Likitocin zuciya ne suka saba da waɗannan bututai, saboda haka dare da rana mu ake kira.

Da takunkumi da rigunan kariya suka yi ƙaranci, abokan aikina suka ruɗe, don yawancinsu ba su taɓa buɗe kabad suka tarar da shi wayam ba. Ni kuwa na yi aiki a tantunan kwalara lokacin da ta ɓarke a Madarunfa a 2018, na san ƙidaya safar hannu, na san yadda ake shata iyaka tsakanin wuri mai tsabta da wurin cuta, na san tsarin tuɓe kaya ba tare da ka shafa wa kanka ba. Ba na ɗaukar rashi abin alfahari, kuma da a ce ni ke zaɓe da na fi son a ce ban taɓa koyon wannan ba. Amma daga makon nan aka daina kirana "ɗan Nijar ɗin nan", aka koyi sunana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutuwa babu dangi. An hana ziyara, an kuma hana wankan gawar wanda korona ta kashe, sai a sa shi a akwati nan take, jiragen da za su mayar da shi ƙasarsu kuma sun tsaya. Wani dare aka kira ni wurin wani dattijo ɗan Aljeriya, don an san ni Musulmi ne. Na kara masa waya a kunne ƴaƴansa suna kuka, na laƙƙana masa kalmar shahada ta cikin takunkumi biyu. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, ina buɗa baki wajen ƙarfe tara na dare da dabino a tsaye. Inna kuwa, duk kiran da ta yi, tambayarta ɗaya ce: "Ɗan nan, kana cin abinci kuwa?" Ban taɓa gaya mata inda aka mayar da ni aiki ba.

Da aka sassauta kulle ranar 11 ga Mayu, sai waɗanda tsoro ya hana zuwa asibiti suka fara isowa. Akwai waɗanda bugun zuciya ya same su a gida suka daure kwanaki, har bangon da ke raba ɗakunan zuciya ya huje, abin da manyanmu suka ce sun daɗe ba su gani da yawa haka ba. A cikin wannan cunkoso ne wata safiya farfesan ya miƙo mini allura ya koma gefe, na yi ɗinkina na farko a jikin zuciya.

A fada iyakar abin da nake cewa shi ne na gani da idona, sai a yi shiru, a koma zancen farashin gero. Da safe kuma Kawu ya turo mini wata maƙwabciyarsa da ƴarta mai shekara 12, wadda ba ta iya kai tulu daga famfo zuwa gida sai ta huta. Na ɗora mata abin saurare a ƙirji, na ji ƙarar da na sani tun kafin in tafi. Na rubuta mata allurar penisilin ta wata-wata da takardar zuwa Yamai a yi mata hoton zuciya.