Godiya Bayan Dawowar Ɗalibanmu Daga Italiya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi. 'Ya'yanmu masu karatun NCE a fannin koyar da ƙananan yara, waɗanda suka je Italiya ganin yadda makarantun nazare na can suke aiki, sun sauka lafiya a filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Ikeja, kowacce ta koma hannun iyayenta, har da wadda hankalinmu ya fi tashi a kanta. Ba sai mun maimaita wahalar da aka sha ba, kuna tare da mu tun ranar da aka fara karo-karo a Agege. A madadin kwamitin iyaye da malamai, ga godiyarmu.

Akwai waɗanda suka ce kada a ambace su. Su yi mana afuwa, ba za mu iya yin shiru ba. Na farko shi ne Malam mai shagon buga takardu na kusa da masallacin Juma'a, wanda ya jera fayil ɗin kowace yarinya a gabansa yana bi layi-layi. Shi ya gano cewa a wajen wasu, yadda aka rubuta suna a NIN daban, a fasfo daban, a takardar makaranta daban, wata ma shekarar haihuwa ce ta saɓa. Irin wannan kaɗai ya isa a hana mutum biza, kuma Yuro 90 da aka biya ba a maidowa. Shi ya lura da fasfon da ya kusa ƙarewa, alhali dole ya kasance da sauran wata uku bayan ranar barowa, da shafi biyu da babu hatimi a kansu. Ana iya shigar da takardun bizar Shengen, wato bizar shiga Italiya da wasu ƙasashen Turai, tun saura wata shida a tafi, amsa takan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45. Masu shirin tafiya ta gaba, don Allah ku fara da gyaran suna kafin ku nemi ko kwabo.

Sai Alhaji mai canji na Idi-Araba, wanda ya tsaya kai da fata cewa ba za a rage kuɗin inshorar lafiya ba. Doka ta ce inshorar ta iya biyan har Yuro 30,000 ga kowane matafiyi, shi kuma ya ce a buga wa kowace yarinya tata kwafin ta riƙe a jakar hannu, kada a tara su wajen mutum ɗaya. A lokacin wasu sun ga kamar tsanani ne. Allah ya saka masa da Aljanna.

Domin a can birnin Reggio Emilia, cikin dare zazzaɓi ya rufe ɗaya daga cikin yaran. Jiki ya yi zafi rau, tana karkarwa har haƙora na haɗuwa, abokan ɗakinta suka ɗauka sanyin ƙasar ne, suka lulluɓa mata barguna. Malamar da ta raka su ba ta jin Italiyanci, mai gadin masauki ba ya jin Turanci. Ana cikin haka wata baiwar Allah mai aikin girki a masaukin ta leƙo, ta dubi yarinyar, ta taɓa goshinta, sai ta ce da Hausa, “Sannu 'yata, yaushe kuka baro gida?” Ashe 'yar zangon Kumasi ce ta ƙasar Gana. Ita ta kira 112, lambar neman agajin gaggawa, ta shiga motar asibiti da takardar inshora a hannu, ta nanata wa likita cewa daga Najeriya yarinyar ta zo, a gwada jini a duba zazzaɓin cizon sauro. Shi ne kuwa. Cutar tana iya ɓuya mako ɗaya ko fiye bayan cizo, mutum ya hau jirgi lafiya lau, likitan Turai kuma ba ita zai fara zato ba sai an gaya masa inda aka fito. Matar nan ta kwana a kujera, tana shafa mata kai tana yi mata addu'a, da safe ta wuce aiki, da yamma ta dawo da kunu a fulas. An miƙa mata kuɗi ta ce, “Haba Malama, in tawa ce fa?” Uwa, ko wannan saƙo bai iso gare ki ba, Allah ya ji. Allah ya raya miki zuri'a, ya jiƙan mahaifanki, ya haɗa ki da mai tsaya miki ranar da kike neman mai tsayawa. Ita ce ma ta faɗakar da su cewa wasu burodin yankin da kitsen alade ake yin su, su riƙa duba takardar jikin leda kafin su saya.

Duk da wannan, tafiyar ta biya. Sun shiga cibiyar Loris Malaguzzi, wadda aka sa wa sunan malamin da ya jagoranci tsarin koyar da ƙananan yara na birnin, sun zaga makarantun 'yan shekara 3 zuwa 6, inda malamai biyu ke riƙe aji ɗaya, ga ɗakin zane da aikin yumɓu da malaminsa na musamman, ga kicin a fili yara na ganin mai dafa musu abinci. Ba a bar su sun ɗauki hoton yara ba, don haka da biro da littafi suka yi aiki, kuma a ganinmu hakan ya fi musu amfani. Abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne yadda malama ke rubuta maganar yaro kamar yadda ya faɗe ta, ta liƙa a bango kusa da zanensa, ta gina darasin gobe a kai. Sai Remida, wurin da tun 1996 ake tara ragowar kayan masana'antu don makarantu su yi aiki da su. Mu da ke da ƙyallayen teloli da kwalayen kasuwar Mile 12 da murafen kwalba ba mu da uzuri. Malamai biyu a aji zai yi mana wuya, tunda tsarin iliminmu ma malami ɗaya ya tanadar wa yara 25 a nazare, amma littafin rubuta maganar yaro bai fi ƙarfin kowa ba.

Muna godiya ga matan Islamiyya da suka ba da zubin adashinsu, da 'yan kasuwar da suka yi ta turo dubu biyu, dubu biyar, da limaman da suka sa yarinyar a addu'a. Akwai 'yan uwa na jini, wasunsu a nan Legas, da ko waya ba su buga wa mahaifiyarta ba a daren da ta kwana kan sallaya. Ba mu riƙe kowa ba, amma ta ji a ranta, mu ma mun ji. Allah ya bar zumunci.

Allah ya ƙara wa kowa buɗi, ya yaye wa marasa lafiya, ya sa ilimin nan ya amfani ƙannensu. In sha Allahu ranar Asabar bayan la'asar ɗaliban za su yi wa iyaye da malaman nazare bayani a harabar makaranta, kuma a nan ma'aji zai karanta lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe. Teloli, a taho mana da ƙyallaye.

Wassalam.