Zuwa ga ƴan uwana na Tawa: ciwon hanta C da maganin da ake nema cikin turɓaya

Assalamu alaikum mutanen Tawa da kewaye, Buza, Keita, Madawa, Illela, Abalak, har da namu da ke zaune Yamai. Ina gaida dattawa, ina gaida iyayenmu mata, da fatan kowa na lahiya, ya zafi ya hidima da iyali. Mu nan Jamus lahiya lau, sai sanyi da kewar gida.

Tunda kunka ji ina aiki ɗakin bincike ake ta turo mini tambaya guda, wai gaskiya ne an samo maganin ciwon hanta C daga jikin bakteriya, in gaskiya ne yaushe zai iso Nijar? Na ga gara in amsa ma kowa lokaci guda. Binciken gaskiya ne, ba tatsuniya ba, amma don Allah kar wanda ya zauna jiranshi, maganin da ke warkar da ciwon nan ya riga ya fito tun tuni kuma ba daga wannan hanyar ya fito ba.

Kun san ƙamshin nan da ke tashi ranar ruwan farko, in ya sauka bisa busasshiyar ƙasa? To wasu bakteriya ne da ke zaune cikin turɓaya ke fidda shi, sunansu Streptomyces. Suna faɗa da junansu da sauran ƙananan halittu a kan abinci, kowa na haɗa dafin da zai kashe maƙwabcinshi, mu kuma mutane sai mu ɗebo dafin mu mai da shi magani. Streptomycin, maganin farko da ya yi tasiri kan tarin fuka, daga nan ya fito a 1943. Ivermectin ma haka, wani masani ɗan Japan Satoshi Omura ya samo bakteriyar cikin turɓayar ƙasarsu, kuma maganin nan na cikin abinda ya taimaka har a watan Janairun 2025 hukumar lahiya ta duniya OMS ta ce Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da ciwon makantar bakin gulbi. Kenan mun riga mun ci moriyar wanga aiki ko ba mu sani ba.

To amma ciwon hanta C ba bakteriya ke kawo shi ba, birus ne, abin da ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba kuma ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayoyin hantar mutum. Shi baƙo ne da ya zo da hatsinshi amma ba turmi ba taɓarya, dole sai ya ari na masu gida. Ɗaya daga cikin abinda yake ara wani sinadari ne na jikinmu da ake kira cyclophilin. Sai masana sunka ce to me zai hana mu kulle turmin? Hikimar ita ce birus ɗin nan gwanin canza kama ne, in ka auna makaminka kanshi kai tsaye yana iya sauyawa ya kuɓuce, amma abinda ke na jikinmu ne ba shi da ikon sauya shi.

A 2003 wasu masana a Kyoto ta Japan sunka nuna cewa cyclosporin, maganin da ake ba wanda anka yi wa dashen ƙoda, yana hana birus ɗin hayayyafa ta wagga hanya. Shi daga wani naman gwari na cikin ƙasa anka samo shi. Matsalarshi yana kwantar da garkuwar jiki, ka ga kuwa ba a ba mai ciwo abinda zai buɗe ma wasu cututtuka ƙofa. Sai wani kamfani na Suwis, Debiopharm, ya gyara shi ya fidda alisporivir wanda ba ya taɓa garkuwa, anka gwada shi kan mutane da yawa, har 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da gwajin saboda wasu sun samu kumburin wani sashe na ciki da ake kira pankiriyas, mutum guda ya rasu.

Na bakteriya kuwa sunanshi sanglifehrin, kuma abinda ke burge ni ƙasar da anka samo bakteriyar cikinta daga Malawi anka ɗebo ta, nan Afirka tamu, masanan kamfanin Novartis sunka yi aikin cikin shekarun 1990. Yana kama cyclophilin da ƙarfi fiye da cyclosporin ma. Daga baya wani ƙaramin kamfani a Kambirij ta Ingila, Biotica, ya yi wata dabara, maimakon a zauna ana haɗa sinadarin da hannu wanda wahala ce babba, sai sunka sauya ƙwayoyin gadon bakteriyar don ita da kanta ta riƙa haifo musu irin wanda suke so. Nan Jamus ma akwai masu aiki kan wasu bakteriyar ƙasa da ake kira myxobacteria, wani sinadarinsu soraphen A an ga yana hana birus ɗin yaɗuwa cikin ƙwayoyin hanta da ake reno a ɗakin bincike. Ku lura da abinda na ce, a ɗakin bincike. Tsakanin abinda ya yi aiki cikin kwalba da ƙwayar da lokotoro zai rubuta maka a takarda akwai shekaru goma ko fiye, kuma mafi yawansu a hanya suke mutuwa.

Su waɗannan ma ba gazawa kaɗai ta tsaida su ba, an riga su ne. Da can maganin da ake da shi allurar interferon ce haɗe da ribavirin, wata shida zuwa kusan shekara, ga zazzaɓi ga kasala ga baƙin rai, kuma wajen rabi kawai ke warkewa. Sai a Disambar 2013 sofosbuvir ya fito, shi ba daga turɓaya ba, haɗa shi anka yi don ya gurgunta injin da birus ɗin ke buga kwafin kanshi da shi. Yau in anka haɗa shi da daclatasvir ko velpatasvir, ƙwaya ce ta sha kullum har mako 12, sama da kashi 95 cikin 100 na warkewa sarai. Farkon fitarshi a Amurka ƙwaya guda dala 1,000 ce, cikakken magani dalar Amurka 84,000, wajen miliyan 40 na sefa kenan, wa ke da wannan a Ader? Amma da kamfanonin Indiya da Masar sunka fara yin nasu kuɗin ya faɗi warwas, a wasu ƙasashe bai kai dalar Amurka 100 ba.

Masar ita ce abin dubawa. Su ne ciwon ya fi yi wa illa, saboda shekaru da dama an yi ta yi wa mutanen ƙauyuka allurar tsargiya da sirinji guda ba a dafa shi da kyau ba. A 2018 sunka tashi gwajin ƙasa baki ɗaya, an gwada mutane wajen miliyan 50, wanda anka samu da shi a ba shi magani, har a 2023 OMS ta yaba musu a matsayin ƙasar farko da ta kusa gamawa da shi. Ba wani sabon sinadari sunka jira ba.

Nan ne nake so mu tsaya. OMS ta ce mutum wajen miliyan 50 ke ɗauke da C a duniya, wasu 242,000 sun rasu sanadinshi a 2022, kuma yawancin masu shi ba su san suna da shi ba, don yana iya shekara ashirin yana cin hanta shiru, ba sai ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara ba, sai ranar da ciki ya kumbura ko ya zama daji. Ta jini yake bi. Allura guda ga mutum biyu, ƙarin jinin da ba a gwada ba, askar wanzami wajen kaciya ko ƙaho ko tsaga ko cire beli, reza guda ga ƴan ɗaki goma irin zaman da ƴan uwanmu masu tahiya bida ke yi a Abijan da Libiya. Ban ce a bar wanzamai ba, sana'ar gado ce, amma sayen sabuwar reza ka tahi da abinka bai fi ƙarfin kowa ba. Cin abinci kwano guda ko gaisawa ba ya sa a ɗauka, don haka a daina ware ma mai ciwon kwanonshi, zalunci ne kawai.

Gwajin kashi biyu ne. Na farko yana nuna ko jikinka ya taɓa gamuwa da birus ɗin, kuma wajen mutum uku cikin goma jikinsu na korar shi da kanshi, shi ya sa sai an yi na biyu, PCR, mai neman birus ɗin kanshi cikin jini, kamin a ce kana da shi yanzu. Ku ce a haɗa muku da gwajin ciwon hanta B, don shi ya fi yawa a yankinmu, shi yana da rigakafi cikin allurar Penta ta jarirai, C kuwa ba shi da rigakafi har yau, kuma wanda ya warke yana iya sake ɗauka.

Abinda na fi tsoro shi ne wani ya ji kalmar bakteriya ya tahi wajen mai tallar magani bisa kai ya sayi amoxicillin ya yi ta haɗiya. Antibiyotik ba ya yi wa birus komai. Haka masu jarkar jiƙe-jiƙe da lasifika ranar kasuwa, za ku ji sun fara cewa ai Turawa ma daga ƙasa suke samo nasu. E daga ƙasa ne, amma sai an tace abu guda cikin dubu, an auna nawa ke warkarwa nawa ke kashewa, alisporivir ma da duk awon nan sai da anka dakatar da shi. Duk abinda ka sha hanta ce ke tace shi, wadda ta riga ta gaji ba a ƙara mata kaya.

Sannan mai shan maganin tarin fuka, musamman rifampicin, lalle ya gaya ma lokotoro kamin ya fara na hanta, don rifampicin na rage ma sofosbuvir ƙarfi, ba a haɗa su. Wanda ya iya karatu ya karanta ma tsofaffi wannan, musamman waɗanda anka taɓa yi ma ƙarin jini shekarun baya.

A gaida mini kowa da kowa, Allah shi ba marasa lahiya sauƙi, shi ba mu damina mai albarka.

Naku, ɗan Ader a Jamus.