Kamun kai da riƙon amana a yaƙi da ƙanjamau: inda wa'azi ya yi tasiri da inda ya gaza

Duk lokacin da aka tayar da zancen shirye-shiryen da masallatai da majami'u ke gudanarwa domin kare matasa daga cutar ƙanjamau, mutane sukan rabu gida biyu tun kafin a gama shimfiɗa maganar. Wasu na ganin idan matashi ya kame kansa har ya yi aure, ya kuma riƙe amanar wanda ya aura, to magana ta ƙare. Wasu kuwa na ganin wa'azi ne da ke shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. A ganina saƙon yana da amfani ƙwarai, sai dai amfanin nasa ya rataya ne a kan wanda ya isar da shi, da kuma abin da ya yarda ya faɗa tare da shi.

Yuganda ce ƙasar da kowane ɓangare ke kafa hujja da ita. Bayan Yoweri Museveni ya hau mulki a 1986, gwamnatinsa ta fito fili ta amsa cewa cutar tana kashe jama'a, a lokacin da shugabanni da yawa ke kawar da kai, kuma ta jawo malaman addini cikin aikin. Ƙiyasin da aka fi ambato shi ne yawan masu ɗauke da ƙwayar cutar ya sauka daga kusan kashi 15 cikin 100 a farkon shekarun 1990 zuwa kusan kashi 5 a 2001. Masana sun yi ta muhawara a kan dalili, domin mutuwar masu cutar da yawa ita ma ta rage adadin, amma akwai shaida mai ƙarfi cewa mutane sun rage neman juna a waje, kuma da yawansu sun ji gargaɗin ne daga bakin dangi da abokai da limaminsu, wato mutanen da suka yi jana'iza tare da su.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne aikin ƙungiyar likitoci Musulmi ta Yuganda, wadda ta fara horar da limamai a 1992. Ba a tsaya ga huɗubar Juma'a ba. An ba limamai kekuna, an haɗa su da 'yan sa kai waɗanda ke bin gida gida suna zama da iyalai, daga baya kuma aka shigar da darasin cikin makarantun Islamiyya. Da farko malamai ba su yarda a ambaci kwaroron roba ba, likitocin kuma ba su yi musu dole ba, suka ci gaba da tattaunawa da su har aka amince a yi bayaninsa ga ma'aurata. Senegal ma ta bi hanya mai kama da wannan, inda shugabannin Musulmi suka yi babban taro a kan cutar a 1995, na Kirista suka yi nasu a 1996, kuma yaɗuwar cutar a ƙasar ta ci gaba da zama ƙasa ƙwarai.

Da aka mayar da saƙon abin rabon kuɗi, sai labari ya sha bamban. A 2003 Shugaba George W. Bush na Amurka ya ƙaddamar da PEPFAR, shirin yaƙi da ƙanjamau a ƙasashen duniya, da dala biliyan 15 na shekara biyar, dokar da ta kafa shi kuma ta ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin rigakafi ga shirye-shiryen ƙauracewa jima'i kafin aure, sharaɗin da aka sassauta a 2008. Shirin ya ceci miliyoyin rayuka ta hanyar raba magani, wannan ba abin musu ba ne. Amma a 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford sun duba dala biliyan 1.4 da aka kashe a kan kamun kai da riƙon amana tsakanin 2004 da 2013, suka kwatanta ƙasashen da suka sami kuɗin da waɗanda ba su samu ba, ba su kuma ga wani bambanci a shekarun fara jima'i, ko yawan abokan hulɗa, ko ɗaukar ciki tsakanin 'yan mata masu ƙarancin shekaru ba. Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa kamun kai ba ya kariya ba. Abin da ya nuna mini shi ne allon talla da rigunan taro ba sa yin aikin limamin da ya san sunan yaron da sunan mahaifinsa.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata masu wa'azi su sani. Binciken da aka yi a Amurka a kan matasan da suka ɗauki alkawari a bainar jama'a na tsare kansu har aure ya gano cewa wasu sun jinkirta fara jima'i, amma da yawa sun karya alkawarin, kuma a ranar da suka karya ba su cika yin amfani da kariya ba. Duk shirin da bai tanadi amsa ga matashin da ya riga ya zame ba, ya bar shi ke nan a daidai lokacin da ya fi bukatar mai ba shi shawara, kuma kunya za ta hana shi zuwa gwajin jini.

Batun riƙon amana kuwa sau da yawa ana faɗa wa waɗanda ba su ne masu matsalar ba. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, 'yan mata masu shekara 15 zuwa 24 sun fi samari sa'o'insu kamuwa nesa ba kusa ba, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne hulɗa da maza da suka girme su, waɗanda ke da kuɗi da iko a kansu. Yarinyar da ta kame kanta har aure, ta kuma riƙe amana, tana iya kamuwa a ɗakin mijinta. Saboda haka wa'azin da aka tara samari da 'yan mata aka yi musu, aka ƙyale magidantan da ke zaune a sahun gaba, rabin aiki ne.

Shi ya sa nake girmama Gideon Byamugisha, limamin cocin Angilika a Yuganda, wanda ya bayyana a 1992 cewa yana ɗauke da ƙwayar cutar, abin da babu wani malamin addini a Afirka da aka san ya yi kafin shi. Ya nuna wa mabiyansa cewa ɗaukar cutar a matsayin shaidar fasiƙanci yana korar mutane daga asibiti ne kawai. A yau an tabbatar cewa wanda ke shan maganinsa a kai a kai har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya yaɗa ta ga matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa, kuma mai juna biyu da ke kan magani tana iya haihuwar jariri lafiyayye. Malamin da ke kira ga kamun kai yana iya faɗin wannan a huɗuba ɗaya ba tare da ya saɓa wa aƙidarsa ba, ya kuma ƙara da cewa masu shirin aure su je gwaji tare, su karɓi sakamakon tare.